KINDASA: TARIHIN YADDA LARABAWA SUKA KOMA SHAN RUWAN TEKU

Duk lokacin da hankali ya tashi a yankin Tekun Fasha, maganar da ke cika kafafen labarai ita ce ta man fetur. Ganga ta kai dala nawa, za a rufe mashigin Hormuz ko ba za a rufe ba, jiragen dakon mai za su wuce ko za su tsaya. Mu ma a nan abin da muke ta muhawara a kai ke nan, tunda duk abin da ya taɓa farashin mai sai ya biyo mu har gidan man unguwa. Amma su masu mulkin ƙasashen can, akwai abin da ya fi mai hana su barci, wato ruwan sha.

Saudiyya duk girmanta ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana rani da damina. Haka Kuwait, haka Qatar, haka Bahrain, haka Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ake sha a Kuwait daga teku ake samo shi, a cire masa gishiri. A Saudiyya ya haura rabi. Alhazanmu ma su sani: in ka cire Zamzam, wanda shi daga rijiyarsa yake fitowa, mafi yawan ruwan da ka yi wanka da shi a masauki a Makka, ko ka yi alwala da shi a Mina, ruwan Bahar Maliya ne da aka sarrafa a bakin teku aka turo shi ta bututu.

To ta yaya aka kai ga haka? Labarin yana da tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni. Na fi so mu tsaya a kan tsohuwar hanyar, wadda ita ta raya biranen nan fiye da shekara 50: a dafa ruwan teku, a tara tururinsa, a bar gishirin a baya.

ILIMIN YANA CIKIN MURFIN TUKUNYA

Duk wanda ya taɓa buɗe tukunyar miya tana tafasa ya ga ɗigon ruwa a jikin murfi. Ɗanɗana wannan ɗigon, ba za ka ji gishiri ba, ko da miyar ta yi zau. Dalili shi ne ruwa yana tashi ya zama tururi, gishiri kuwa ba ya tashi. In tururin ya taɓa abu mai sanyi sai ya koma ruwa, garai. Haka ma Allah Yake yi mana damina: rana ta bugi teku, tururi ya tashi ya zama girgije, ya zo ya zubo mana ba gishiri ko kaɗan. Masu gishirin Bilma ma da wannan ilimin suke aiki, sai dai su a juye. Su suna barin rana ta kwashe ruwan, su riƙe gishirin. Mutanen da za mu yi magana a kansu kuwa ruwan suke bi, gishirin ne abin zubarwa.

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Na Bahar Maliya ya kai 40, na Tekun Fasha ma yakan wuce haka, saboda zafin rana da ƙarancin kogunan da ke zuba cikinsu. Ƙodar ɗan Adam ba ta iya fitar da gishiri mai yawa haka sai ta ƙara da ruwan jikinsa, shi ya sa wanda ya sha ruwan teku ƙishirwarsa ƙaruwa take yi. Mutane da yawa sun mutu da ƙishirwa a tsakiyar teku, ga ruwa ko'ina amma ba na sha ba.

Sanin wannan dabara ba sabon abu ba ne. Aristotal na Girka, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa ruwan teku in ya zama tururi ya sake komawa ruwa, ba ya komawa da gishirinsa. An kuma ruwaito cewa matuƙan jiragen ruwa na da sukan tafasa ruwan teku su rataya soso a bakin tukunyar, in ya sha tururi su matse su sha. Malaman Musulunci irin su Jabir ɗan Hayyan da Al-Kindi na Bagadaza sun inganta tukunyar da ake wannan aiki da ita, wadda suke kira al-anbiƙ, har Al-Kindi ya bar littafi mai ɗauke da hanyoyin haɗa turare sama da 100. Har yau da irin wannan tukunya ake tatsar ruwan wardi a Ɗa'ifa.

To in an san dabarar tun tuni, me ya hana a shayar da gari guda da ita? Wuta ce. Wutar da za ka ƙona ka tafasa lita ɗaya ta ruwa, sai ka ƙona kusan ninkinta 7 kafin litar nan ta ƙare ta zama tururi. Mai turare zai iya jure wannan tsada, don kwalba ɗaya ta ishe shi riba. Mai son shayar da gari da raƙuma da jakuna ba zai iya ba. Ku riƙe wannan, don duk tarihin da zai biyo baya a kan tambaya ɗaya yake juyawa: wa zai biya kuɗin wutar?

JIRAGEN RUWA DA SOJOJIN MULKIN MALLAKA

Waɗanda suka fara ɗaukar abin da gaske su ne masu doguwar tafiya a teku, tunda su ba su da zaɓi. A 1772 majalisar dokokin Ingila ta ba wani likita mai suna Charles Irving kyautar fam 5,000 saboda tukunyar tace ruwan teku da ya ƙera wa jiragen sojan ruwa. Da jirage masu aiki da tururi suka shigo a ƙarni na 19, sai abin ya zama dole, domin su kansu injinan ruwa maras gishiri suke buƙata, ga shi kuma dama wuta tana ci a cikinsu dare da rana.

Daga jirgi sai na'urar ta sauko tudu, ta bi sawun Turawan mulkin mallaka. Ingila ta kafa irinta a Aden da ke Yaman, inda jiragenta masu zuwa Indiya suke tsayawa ɗaukar kwal. A yaƙin da ta yi da Usman Digna, kwamandan Mahadi, a 1884 da 1885, da irin wannan ruwan ta shayar da sojojinta a Sawakin ta Sudan, har wani ɗan tsibiri a tashar ya samu suna daga na'urar. Wannan Sawakin ɗin dai ita ce inda kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa suke kaiwa bayan shekaru a hanya, ta Barno da Wadai da Darfur, su jira kwalekwalen da zai ƙetarar da su Jidda.

A ɗaya gefen duniya kuma, an gwada barin rana ta biya kuɗin wutar. A 1872, a wani wuri da ake kira Las Salinas cikin hamadar arewacin Chile, wani injiniya mai suna Charles Wilson ya shimfiɗa kwatamai masu rufin gilashi a fili mai faɗin murabba'in mita sama da 4,000, ana zuba musu ruwan zartsi. A rana mai kyau suna ba da lita sama da 20,000 don ma'aikatan haƙar ma'adinai da alfadaransu, kuma sun yi kusan shekara 40 suna aiki. Matsalar ita ce rana kyauta ce amma ba ta sauri. Murabba'in mita ɗaya lita 4 ko 5 kawai yake bayarwa a yini. Ya ishi sansanin ma'aikata, bai ishi birni ba.

JIDDA, ƘOFAR MAKKA MAI ƘISHIRWA

Yanzu mu zo inda labarin ya fi shafar mu. Makka ta daɗe da samun gata ta fuskar ruwa. Ban da Zamzam, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa ta jawo ruwa daga duwatsun wajen Ɗa'ifa zuwa Arfa da kusa da Makka, aikin da har yau sunanta ake kiran sa da shi. Jidda kuwa ba ta samu irin wannan ba. Gari ne a bakin teku, rijiyoyinsa zartsi, ruwan sama ba ya zuwa sai jefi-jefi. Mutanen gari sun dogara da manyan tankunan ƙasa da ake tara ruwan sama a ciki, kuma da yawansu mallakin attajirai ne masu sayarwa. In aka shekara biyu ba ruwa, abin da ya rage a gindin tanki ya yi kore ya yi tsutsa, shi ake saya da tsada. Sannan ga dubban alhazai suna sauka daga jirgi kowace shekara, kowa da ƙishirwarsa.

Inda gurɓataccen ruwa ya haɗu da cunkoso, kun san abin da ke biyo baya. A Hajjin 1865 kwalara ta kashe alhazai kimanin 15,000, ta bi masu komawa gida ta shiga Masar, ta ƙetara Turai. A 1893 ta dawo ta fi ta farko muni, aka rasa rayuka wajen 30,000. Ƙasashen Turai suka taso wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda Hijaz ke hannunta a lokacin, suna cewa ta kasa kula da lafiyar mahajjata. Ingila kuwa, da yake Musulmin Indiya a ƙarƙashinta suke, ta samu ƙofar sa baki a harkar Hajji. Kun ga ke nan ruwan shan Jidda ya tashi daga matsalar gari ya zama maganar martabar daula.

A cikin wannan yanayi ne a 1907 Turkawa suka kafa na'urar dafa ruwan teku a Jidda, mai aiki da kwal. Turawa suna kiran irinta “kondensa”, bakin mutanen Jidda ya mayar da ita “kindasa”, sunan ya bi ta har yau. Daga bakinta masu sayar da ruwa suke ɗiba, garwa biyu a rataye a sanda bisa kafaɗa, sak 'yan garuwanmu, su bi gida-gida. Ruwan ba shi da yawa kuma ba shi da araha, talaka dai bai rabu da tanki da rijiya ba. Amma a karon farko an samu ruwa a Jidda wanda bai jira girgije ba.

Sai dai nan take rauninta ya bayyana. Hijaz ba ta da kwal, daga waje ake kawo shi ta jirgi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sannan yaƙin Sharifan Makka da Ibn Sa'ud ya biyo baya a 1924 da 1925, kwal ya yanke. Aka koma cusa mata itace, na'urar ta lalace. Wannan shi ne darasi na farko, kuma har gobe bai tsufa ba: ruwan inji yana tsayawa ranar da makamashinsa ya tsaya.

AN FITA NEMAN RUWA, AN DAWO DA MAI

Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a watan Disamba na 1925. A lokacin babu mai, kuɗin shigar masarautar daga alhazai yake fitowa, saboda haka shayar da su ya zama wajibi na addini da na aljihu gaba ɗaya. Ya sa aka sayo sababbin kindasa guda biyu, kuma daga 1928 hukumomin Saudiyya suke fara ƙirga tarihinsu na tace ruwan teku. Duk da haka ruwan bai isa ba.

A 1931 wani attajirin Amurka mai suna Charles Crane ya ziyarci sarkin a Jidda, ya yi masa alkawarin aiko masanin ƙasa da zai duba masa inda ruwa yake. Aka aiko Karl Twitchell. Mutumin nan ya zaga Hijaz, ya dawo da labari maras daɗi, babu wani ruwan a zo a gani a ƙarƙashin ƙasar. Amma sai sarki ya tura shi gabashin ƙasar ya duba ko akwai wani arziki, kuma shi wannan Twitchell yana cikin waɗanda suka haɗa sarkin da kamfanin man Kalifoniya. Aka sa hannu kan yarjejeniya a Jidda a watan Mayu na 1933. A watan Maris na 1938 rijiya ta 7 a Dammam ta yi ambaliyar mai. Ikon Allah ke nan. An fita neman ruwa ba a samu ba, sai aka samu abin da za a ƙona a yi ruwan da shi.

Kafin a kai ga haka dai, a 1947 aka jawo wa Jidda ruwan idanun Wadi Fatima ta bututu, aikin da aka sa wa suna Ainul Aziziyya, kindasa ta yi ritaya. Daga baya, zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, wani mai zane ɗan Sifaniya, Julio Lafuente, ya tattara ƙarafunanta ya yi abin tarihi da su a birnin. Amma idon ruwa yana da iyaka, gari kuwa yana ta kumbura. Ba a daɗe ba aka sake waiwayar teku.

KUWAIT DA DABARAR ƊAKUNA

Babban sauyin a Kuwait ya faru. Kafin mai, mutanen Kuwait a jirgin ruwa na katako ake yi musu dakon ruwan sha daga Shaɗɗul Arab da ke Iraƙi, a sauke a bakin gaɓa, a ɗura a salka, jakuna su shiga da shi gari. In iska ta juya jirage suka makara, gari ya shiga uku. Da aka fara fitar da mai a 1946, kuɗi suka shigo, jama'a ta ƙaru, sai aka kawo shawarar a ja bututu daga Shaɗɗul Arab kai tsaye, wanda shi ne mafi araha. Masu mulkin Kuwait suka yi ta jan ƙafa, domin sun san duk wanda ke riƙe da makunnin famfonka, yana riƙe da wuyanka. Zamanin Shehu Abdullahi As-Salim aka buɗe matatar Shuwaikh a 1953, mai ba da galan miliyan 1 a rana. Da shugaban Iraƙi Abdulkarim Ƙasim ya fito a 1961 ya ce Kuwait yankin ƙasarsa ce, kowa ya gane hikimar jan ƙafar.

Matsalar wuta fa tana nan. An ɗan rage ta tun ƙarni na 19, lokacin da Norbert Rillieux, injiniya ɗan Luwiziyana ta Amurka wanda mahaifiyarsa baƙar fata ce, ya ƙirƙiro wa masu dafa ruwan rake dabarar jera tukwane, tururin ta farko ya dafa ta biyu, na ta biyu ya dafa ta uku. Masu tace ruwan teku sun ari wannan dabara. Amma suna fama da wata cuta, ɓawon da ke kama jikin bututun da ke dafa ruwan, irin farin abin nan da ke taruwa a gindin butar shayi. Kullum sai an tsayar da inji an kankare.

Wanda ya warware kullin shi ne Robert Silver, ɗan Sikotland mai aiki da kamfanin Weir na Glasgow, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1957. Ga yadda take a sauƙaƙe. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne saboda nauyin iskar da ke danne shi. In ka rage wannan matsi, sai ya tafasa tun bai kai haka zafi ba, shi ya sa a ƙololuwar dutsen Everest ruwa ke tafasa a wajen digiri 70. To sai a gina ɗakunan ƙarfe a jere, 20 ko fiye, kowanne matsin iskarsa bai kai na wanda ya gabace shi ba. A ɗumama ruwan teku sau ɗaya zuwa digiri 90 ko 110, a sake shi cikin ɗaki na farko. Yana shiga sai wani kaso ya tashi fuu ya zama tururi nan take. Ragowar ya wuce ɗaki na biyu, ya ɗan huce, amma da yake matsin can ya fi ƙasa sai ya sake tafasa. Haka har ɗakin ƙarshe, ba tare da an ƙara masa wuta ba. A saman kowane ɗaki kuma akwai bututan da sabon ruwan teku mai sanyi ke bi zai shigo. Tururin ya taɓa su ya zama ruwan sha ya ɗiga a kwatami, shi kuma sabon ruwan ya kwashi zafin ya tafi da shi. Kafin ya isa wurin wuta ya riga ya yi zafi, kaɗan ya rage a ƙarasa masa. Da wannan dabara kilo ɗaya na tururi yakan haifar da kilo 8 zuwa 10 na ruwa.

A 1960 aka kunna matata irin ta Silver a Shuwaikh. Sai kuma aka ƙara wata hikimar, a gina matatar ruwa jikin tashar lantarki. Tururin da ya gama juya injin wuta, maimakon a sake shi a banza, sai a tura shi ya ɗumama ruwan teku. Mai ɗaya, amfani biyu. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne ruwan da ke fitowa daga nan ya yi tsarkin da ba ya shayuwa, salam yake, kuma yana cin bututu. Dole sai an mayar masa da ɗan sinadarin farar ƙasa ko an gauraya shi da ruwan rijiya kafin a sake shi gari.

KOGIN DA KE HAWA TUDU

Saudiyya ta rungumi dabarar da hannu biyu. A 1969 aka buɗe matatu a Wajh da Duba, a 1970 aka buɗe ta Jidda, a 1974 aka kafa hukuma ta musamman ƙarƙashin Yarima Muhammad Al-Faisal, ɗan Sarki Faisal. Shi wannan yarima har tunanin janyo dutsen ƙanƙara daga ƙarshen kudancin duniya zuwa Jidda ya yi, ya ɗauki nauyin taron masana a jihar Iowa ta Amurka a 1977 a kan haka. Abin bai yiwu ba, amma ya nuna muku irin yadda ƙishirwa ke sa mai kuɗi tunani.

Abin da ya yiwu shi ne Jubail. A farkon shekarun 1980 aka gama katafariyar matata a can bakin Tekun Fasha, aka ja tagwayen bututu tsawon kilomita sama da 460 zuwa Riyad, ana tura ruwan yana hawa tudu har mita 600 sama da teku. Kogunan duniya daga tudu suke gangarowa teku, wannan kuwa daga teku yake hawa tudu, da ƙarfin mai. Yanbu ta ɗauki Madina, Shu'aiba ta ɗauki Makka da Ɗa'ifa da Jidda. Ras Al-Khair da aka buɗe a 2014 tana ba da kubik mita sama da miliyan 1 a rana. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ke nan, jarka 40 mai cin lita 25. Ku lissafa, jarka miliyan 40 kullum daga wuri ɗaya.

A yau tsohuwar hanyar dafawa tana ja da baya. Tun wajen 1960 wasu masana biyu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, suka samar da wata irin rariya mai laushi da ake matsa ruwan teku ta cikinta da ƙarfi, ruwa ya wuce gishiri ya tsaya. Ba wuta, ba tururi, lantarki kawai, kuma makamashin da take ci bai kai rabin na dafawa ba. Kusan duk sababbin matatun da ake ginawa yanzu irinta ne, har da ta Tawila a Abu Dhabi mai ba da kubik mita 900,000 a rana. Abin da ya sa ƙasashen Larabawa suka daɗe ba su saki dafawa ba shi ne ruwan tekunsu mai zafi ne, mai kauri, mai datti, yana saurin toshe rariya, ita kuwa tukunya ba ruwanta. Ga mai kuma a ƙofar gida.

ABIN DA KE HANA SU BARCI

Duk wannan bajinta tana da farashi. Kowace lita ta ruwan sha tana barin ragowar ruwa mai ninkin gishiri, mai ɗumi, da ake mayarwa teku. Wani bincike na jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 ya ƙiyasta matatu kusan 16,000 a duniya suna samar da kubik mita miliyan 95 na ruwan sha a rana, suna zubar da miliyan 142 na wannan ragowa, kuma fiye da rabinta daga Saudiyya da Daular Larabawa da Kuwait da Qatar take fitowa. Tekun da suke sha shi suke ƙara wa gishiri.

Babban tsoron kuma shi ne yaƙi. A 1991 sojojin Saddam sun lalata tashoshin wuta da na ruwan Kuwait kafin su fice, sai da aka riƙa shigo da ruwa daga waje. Sun kuma saki miliyoyin gangunan ɗanyen mai cikin teku, Saudiyya ta yi ta shinge bakin matatar Jubail kada man ya shiga. Wata wasiƙar sirri ta ofishin jakadancin Amurka ta 2008, wadda WikiLeaks ya fallasa, ta ce in aka lalata Jubail da bututunta, sai an kwashe mutanen Riyad cikin mako guda. A 2019 'yan Husi na Yaman sun harba makami kan matatar Shuƙaiƙ a kudancin Saudiyya. Shi ya sa Qatar ta gina manyan tankuna don ajiyar ruwan kwana 7, Abu Dhabi kuma take ɗura tataccen ruwa a ƙarƙashin hamadar Liwa don ranar wuya. Ƙasa tana iya yin wata uku ba ta sayar da mai ba ta rayu da ajiyar banki. Birni ba ya yin mako ɗaya ba ruwa.

MU KUMA FA?

Na san wani zai ce, to me ya hana mu yi haka, ga teku a Legas? 'Yan uwa, Gana ta gwada. A 2015 ta buɗe matata a Teshie kusa da Akra, mai ba da kubik mita 60,000 a rana, kuma ta sabuwar hanyar ce mai sauƙin makamashi. A 2018 aka rufe ta na wani lokaci, domin kuɗin da ake sayen ruwan da kuɗin lantarkinsa sun fi abin da ake karɓa a hannun jama'a nesa ba kusa ba. Wannan a bakin teku ke nan. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, ga hawan tudu na mita wajen 500. Nijar ma ba ta da tekun gaba ɗaya.

Mu ba teku muke buƙata ba. Muna da Kwara da Binuwai, muna da Tiga da Challawa da Goronyo da Bakolori, ruwa mai daɗi wanda Allah Ya riga Ya cire wa gishiri kyauta, abin da Larabawa ke ƙona dukiya su samu. Abin da ya rage mana shi ne tacewa, da lantarkin turawa, da bututun da ba ya yoyo, da hukumar da za ta gyara in ya lalace. Su da ba su da kogi ko ɗaya famfonsu na zuba dare da rana, mu da muke kwana kusa da madatsun ruwa muna jiran mai kura da jarka. Wanda ya rasa abu shi ya fi sanin darajarsa.

Daga kindasar 1907 da ta mutu don rashin kwal, zuwa Jubail da ake gadi da makamai, abu uku ne ke riƙe da kofin ruwan mutumin Jidda ko Riyad: makamashi, da kula da inji, da zaman lafiya. In ɗaya ya faɗi, sauran ba su da amfani. Saboda haka in kun ji ana kaɗa gangar yaƙi a yankin nan, kada lissafinku ya tsaya a farashin lita. Ku tuna da miliyoyin mutane, har da 'yan uwanmu mazauna can da alhazanmu, waɗanda ruwan shansu ke fitowa daga wasu 'yan gine-gine a bakin teku da kowa ya san inda suke.

Allah Ya zaunar da ƙasashen Musulmi da duniya baki ɗaya lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar ni'imar da Ya ba mu. Amin.